Idan rilen kare sifika ya ƙi kamawa: yadda ake bin sawun matsalar a amfilifaya

An kunna amfilifaya, fitilar gaba ta kama, fanka na juyawa, amma wannan "ƙas" ɗin da ake ji bayan daƙiƙa biyu ko uku, wato ƙarar kamawar rile, makunnin da ke jona sifika da amfilifaya, bai zo ba, sifika kuma shiru. Irin wannan aikin yana yawan shigowa shagunan gyara a Kaduna, musamman gab da azumi lokacin da masallatai ke fito da kayan tafsiri, da kuma lokacin bukukuwa. Abin da ya kamata mai gyara ya riƙe tun farko shi ne, a mafi yawan lokuta rilen lafiyarsa ƙalau. Mai gadi ne da ya ga ɓarawo ya ƙi buɗe ƙofa. Wanda ya ɗauki waya ya haɗe ƙafafun rile don sauti ya fito, to ya shirya biyan kuɗin sifikar mutane: wutar DC bolt 45 a kan sifika mai om 8 ta haura wat 250 na zafi zalla, koyil ɗin sifikar ba ya jure wannan ko na ɗan lokaci.

Kafin ka taɓa komai, cire wayoyin sifika duka. Zare filogi, ka sauke cajin manyan kafasita da rezista 1k, wato om 1,000, mai wat 5, ka bar ta a kai har mita ta nuna ƙasa da bolt 2. Kada ka yi da bakin sukuddireba. Sannan ka kunna injin ta cikin ƙwan fitila mai zare, wat 60 ko 100, wanda aka jera a layin wutar shiga. Idan ƙwan ya yi haske ya dushe, ci gaba. Idan ya tsaya da haske sosai, akwai shot a ciki, wato wuta na bin gajeriyar hanya, maganar rile ba ta ma taso ba tukuna. Ƙwan LED ba ya wannan aikin.

Awon farko: DC kafin rile

Sa mita a DC, baƙar waya a layin ƙasa, wanda ake rubuta GND a jikin fanel. Jar wayar kuma ka ɗora ta a fitar amfilifaya kafin rile, wato mahaɗar manyan rezistocin nan farare masu 0.22 ko 0.33 om, ko kan ɗan koyil ɗin jan ƙarfe da ke kusa da su. Awo a bakin tashar sifika ta baya ba shi da amfani a nan, tunda rile a buɗe yake, sifili za ka gani ka ɗauka lafiya.

Ƙasa da milibolt 50 lafiya ne. Daga 100 zuwa 'yan ɗaruruwa, akwai abin da ya fara karkacewa, galibi tagwayen ƙananan taransistocin shiga sun daina daidaita, ko kafasitar layin fidbak ta fara yoyo. Idan kuwa ka ga kusan cikakken wutar layi, 35 ko 45 ko 60, mai kyau (+) ko mai ragi (−), to duba fiyus na layukan wutar biyu, na (+) da na (−), domin yankewar guda ɗaya kan jefa fitar zuwa wutar ɗaya layin. Bayan haka ka gwada taransistocin fita, irin su 2SC5200 da 2SA1943, tsakanin kolekta da emita. Wanda ya yi shot yakan tafi da direbansa da rezistar emita, don haka canza shi kaɗai ɓarnar kuɗi ce. Ka auna kowane gefe, hagu da dama, daban. Gefe ɗaya ya isa ya hana rilen duka biyun kamawa.

Sai idan gefen biyu sun nuna tsabta ne za a juya kan da'irar kariyar kanta.

Rilen da wutar da ke ciyar da shi

A kashe, auna koyil ɗin rile. Na bolt 12 yakan ba da om 270 zuwa 400, na bolt 24 kuma daga kusan 650 zuwa 1,600, gwargwadon girmansa. Mita ta nuna a yanke, an gama magana. Ta nuna kusan sifili, kada ka yi saurin zargin koyil: ɗaga ƙafa ɗaya ta dayod ɗin da ke gicciye a kansa, 1N4148 ko 1N4007, domin shi ne ya fi yin shot. Alamar hakan ita ce rezistar da ke ciyar da rile ta yi zafi har ta ƙona fanel a ƙarƙashinta.

Wannan rezistar tana da muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka. A injuna da yawa ba a yi wa rile wutarsa daban ba, daga babban layi ake sauke masa. Misali layi bolt 45, koyil na 24 mai om 1,100 yana jan kusan miliamfiya 22, sai a sa rezista 1k ta cinye ragowar. Yanzu ka je kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ka sayo wani rile mai rubutun 24V amma koyil ɗinsa om 650 ne. Da waccan rezistar, abin da zai isa gare shi bai cika bolt 18 ba, rile kuma yana buƙatar kusan kashi 70 zuwa 75 cikin ɗari na wutarsa kafin ya ja. Zai kama a shago da rana, ya ƙi kamawa da magariba lokacin da wutar unguwa ta yi ƙasa. Saboda haka a je kasuwa da mita da tsohon rilen a aljihu, a dace da bolt, da om na koyil, da amfiyar da bakinsa, wato kontak, ke ɗauka, da zaman ƙafafu.

Idan aisi ce ke tuƙa shi

Aisi (IC) ƙaramar na'ura ce mai cikakkiyar da'ira a cikinta, wadda aka fi gani a nan ita ce uPC1237, mai ƙafa takwas a layi ɗaya. Akwai TA7317P mai ƙafa tara a tsofaffin injunan Japan, amma lissafin ƙafafunta daban ne, kada a haɗa su. A kan uPC1237, kowace ƙafa tana gaya maka abu guda, kuma ga yadda ya fi sauƙi a bi su.

Fara da ƙafa ta 8. Ya kamata ka ga kusan bolt 3.4, ana kawo shi ta rezista daga babban layi, sau da yawa 15k. Babu shi, duba rezistar. Ƙafa ta 5 ƙasa ce. Ƙafa ta 7 ita ce ta jinkiri: ɗora mita ka kunna, za ka ga wutar tana hawa a hankali, idan ta kai wajen bolt 2 rile ya kama. Da rezista 56k da kafasita 47uF jinkirin bai wuce daƙiƙa biyu da rabi ba. Idan ta hau ta tsaya a 1 da wani abu, kafasitar tana yoyo. Idan ta maƙale a ƙasa, ko kafasitar ta yi shot, ko wata ƙafar ce ke ba da umarnin a tsaya.

A nan ne ƙafa ta 4 ke shigowa, kuma ita ce aka fi mantawa. Aikinta ta san ko taransifoma na da wuta, don rile ya saki nan take idan an kashe, kafin sifika ta yi "bum". Ana ɗebo mata AC kai tsaye daga taransifoma ta dayod ɗaya, rezista, da ƙaramar kafasita kamar 4.7uF. Wannan ƙaramar kafasitar, in tana zaune kusa da abin da ke zafi, bushewa take yi. Da ta bushe, wutar ƙafar sai ta riƙa faɗuwa sau hamsin a daƙiƙa, aisi ta ɗauka ana ta kashe injin. Sakamakon shi ne rile ya ƙi kamawa sam, ko ya riƙa karkarwa. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, a canza ta kawai. Ƙafar tana son ta ga sama da bolt 0.7 a tsaye.

Ƙafa ta 2 ce ke sansano DC, ta rezista daga kowane gefe, ya kamata ta zauna dab da sifili. Ƙafa ta 1 ta nauyin da ya wuce kima ce, ita ma ƙasa ake so. In ta kai wajen 0.7 alhali ba sifika a jone, ƙaramin taransistan da ke leƙen rezistar emita ne ke yoyo. Ƙafa ta 6 ce ke jan koyil zuwa ƙasa. Cikakken wuta a kanta na nufin koyil lafiya, aisi ce ba ta ja ba. Sifili a kanta kuma rile bai kama ba, wuta ce ba ta ratso koyil ba. Aisin ita ce ta ƙarshe da za a zarga, ga shi kuma jabunta sun yi yawa. Wadda aka ciro daga mataccen fanel na asali ta fi sabuwa mai arha amana.

Injunan da ba su da aisi, taransistoci uku ko huɗu ne ke aikin, irin C945, C1815 da A1015. Tunanin ɗaya ne. Auna tsakanin bes da emita na wanda ke jan rile: 0.6 zuwa 0.7 ya kamata ya bayyana bayan jinkiri. In ya bayyana rile bai ja ba, taransistan ya mutu. In bai bayyana ba, koma baya zuwa kafasitar jinkiri da dayod ɗin zena idan akwai.

Yana kamawa, amma yana saki a tsakiyar aiki

Wannan galibi ba daga fanel ba ne, daga wurin aiki ne. Tambayi mai kaya sifika nawa yake jonawa. Huɗu masu om 8 a haɗe a faralel, duka a kan wayoyi biyu, sun zama om 2, injin da aka yi don om 4 dole ya kare kansa da an ɗaga murya. Sai zafi: ƙurar hunturu tana toshe haƙoran hitsink, wato ƙarfen da ke sanyaya taransistoci, zafin Maris da Afrilu ya zo ya same ta a haka, makunnin zafi da ke manne a jiki ya yanke. A sanyi ya kamata irin wanda ke rufe ya nuna om sifili a mita. Sai ƙaramin janareta da ke durƙushewa duk lokacin da sautin bes mai kauri ya buga. Sai tsagewar dalma a ƙafafun rile da na manyan rezistoci, wadda jijjigar Keke Napep a hanyar zuwa wurin biki ke haifarwa. Ƙwanƙwasa fanel da bayan sukuddireba na roba, in rile ya motsa, sake narka dalmar wurin duka.

Akwai kuma wanda ke kamawa daidai amma gefe ɗaya na kakkaryewa a ƙaramar murya, in an ɗaga ya dawo. Bakin rilen ne ya yi baƙi. Ana iya zura 'yar takarda mai tauri da aka jiƙa da ruwan wanke kontak a ja ta tsakani, amma samfefa tana kankare rufin bakin, wata biyu ya dawo ya fi da. Canji ya fi. Wanda kuma sautinsa ke fita nan take da kunnawa, da bugu, tun kafin a ji "ƙas", bakinsa ya narke ya manne, ba ya kare komai.

Bayan gyara, a gwada ko kariyar na aiki. Ɗaga ƙafar rezistar sansano DC ta ɓangaren fitar amfilifaya, kunna, jira rile ya kama. Taɓa ƙafar da batir mai bolt 9, ɗaya bakin batir a ƙasa. Rile ya saki cikin ɗan lokaci. Juya batir ka maimaita, domin wata da'irar tana ganin mai kyau ta makance a mai ragi. Idan ƙafa ta 3 ta uPC1237 a ƙasa take kai tsaye, zai koma da kansa. In ta kafasita ta bi, sai an kashe an sake kunnawa. Mayar da rezistar, maimaita a ɗaya gefen, sannan ka fara jona tsohuwar sifikar gwaji kafin ta mai kaya.