Yadda Ake Raba Nauyin Gyara Tsakanin Mai Shago da Ɗan Haya

Yawancin masu kama shago a karon farko cinikin kuɗin haya kawai suke yi. Sai damina ta sauka, kwano ya fara yoyo, sannan a tuna ba a yi maganar wanda zai biya kafinta ba.

Kada ka karɓi mukulli sai ka zaga shagon tare da mai shi ko dillalinsa. Ɗaga kai ka duba silin: duk inda ka ga tabo mai ruwan ƙasa, ruwa ya taɓa zuba a nan. Shafa gindin bango ka ji ko yana da damshi, ka ja ƙofa, ka tambayi tsohon bashin wuta da ke kan mita. Ɗauki hotuna ka tura masa ta WhatsApp a ranar. Ni ba na kama shago da rani sai na tambayi maƙwabta yadda yake kwana a watan Agusta.

Daga nan sai takarda. Rufi, bango, magudanar ruwa da babbar wayar wuta a rubuta suna kan mai shago. Fenti na ciki, kwan fitila, kwaɗo, kanta, da duk abin da kai ko yaranka kuka ɓata, naku ne. Abin da tsufa ya cinye kuma a faɗa ƙarara ba a kanka yake ba. Kada ka yarda da "ai kowa ya sani". In takarda ta yi shiru, ba lallai ne kotu ta ɗora wa mai shago gyaran ba, kuma ko a fikihun Malikiyya sanannen ra'ayi shi ne ba a tilasta wa mai gida gyara, sai dai ɗan haya ya zaɓi fita in ɓarnar ta cutar da shi.

Ga inda na sha wuya. Shagona na farko a Kantin Kwari, ruwan dare ɗaya ya jiƙa mini bandir shida na shadda. Na kira mai shagon, ya ce, "Alhaji, gyara kawai, ma daidaita." Na sayo kwano da ƙusa, na biya kafinta. Da shekara ta zagayo na nemi a cire daga haya, ya ce shi faci ya amince da shi, ba sabon rufi ba. Ba ni da shaida ko ɗaya. Don haka kafin guduma ta taɓa kwano, sanar da shi a rubuce, ka ba shi wa'adi, ni kwana 7 nake bayarwa. Kawo kafintoci biyu su yanka farashi. Ya rubuta maka adadin kuɗin da ya yarda a cire, da hayar da za a cire a ciki. Riƙe rasit, ko na ƙusa ne. Kuma kada ka rage haya da kanka, don a takarda kai ne za a bi bashi. Kafin a daidaita, leda mai kauri a kan kaya da katako a ƙarƙashinsu ba su kai kuɗin bandir ɗaya ba.

Hayar da ta wuce shekara 3 lauya za a kai wa ya tsara. Fasa bango ko ƙarin rumfa sai da izinin mai shago a rubuce, tare da bayanin na wa ne in ka tashi. Ranar fita ku sake zagawa da hotunan farko a hannu, in ka ba da kuɗin ajiya lokacin kama shagon, ka karɓe su kafin ka miƙa mukulli.