Darasi na 7: Zafin Bazara a Ɗakin Kwano

A Abuja zafi yana fara kamawa tun watan Fabrairu, da zarar hunturu ya ja baya. Yakan kai maƙura a Maris, ba ya kuma sakin mutane sai ruwan sama ya zauna. A irin waɗannan kwanaki ma'aunin zafi yakan haura digiri 37 da rana, a wurare masu kwari kamar Gwagwalada da Abaji kuma yakan doshi 40. Wanda ya taso daga Jos, garin da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, shi ya fi kowa jin abin a jikinsa a makon farko, don jiki yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, takan fitar da gargaɗi idan zafi zai yi tsanani. In kun ji shi a rediyo, ku shirya tun daren.

Mun rubuta darasin nan ne saboda mazauna ɗaki ɗaya ko ciki da falo a Nyanya, Mararaba, Mpape, Kubwa, Dei-Dei da makamantansu, inda rufin kwano ne, bangon bulo ne, babu esi, wuta ma ba ta cika zama ba.

Ta ina zafi ke shiga, ta ina yake fita

Zafin jikin mai lafiya kusan digiri 37 ne. In ya so ya wuce haka sai jiki ya fitar da gumi. Ba fitowar gumin ke sanyaya mutum ba, bushewarsa ce a kan fata. Ku riƙe wannan, domin kusan duk dabarun da ke ƙasa a kansa suka tsaya. Ruwan randa ma haka yake yin sanyi: yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ta tafi da zafin.

Zafin Abuja iri biyu ne. Na Fabrairu da farkon Maris busasshe ne, gumi na bushewa nan da nan, har mutum ya yi ta asarar ruwa bai sani ba. Daga ƙarshen Maris, idan hadari ya fara haɗowa, iska takan yi nauyi da laima. Gumi ya yi ta zuba, riga ta manne a baya, amma ba ya bushewa, jiki kuma ba ya sanyi. A zafi na farko ruwa ne babban magani. A na biyu sai an haɗa da iska mai kaɗawa.

Shi kuwa ɗaki, ta sama yake ɗaukar mafi yawan zafinsa. Da azahar kwano yakan yi zafin da ba a iya ɗora hannu a kai. Bangon bulo da siminti kuma yana shan rana duk yini, ya ajiye, sai dare ya yi ya sako ta cikin ɗaki. Abin da ya sa ke nan ƙarfe goma na dare waje ya yi sanyi, ɗaki yana nan kamar tanda.

Gyaran ɗaki

In ɗakin ba shi da silin, daga nan za a fara. Ko tabarmi aka ɗaure a ƙarƙashin kwanon, aka bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakani, za a ji bambanci. A nisanta su da wayar wuta da kwan fitila. A saman kwano kuma ana iya shimfiɗa zana ko asabari a kan sanduna, yadda iska za ta riƙa bi ta ƙarƙashi, a ɗaure da kyau saboda guguwar farkon damina, amma kada a yi haka kusa da murhu. Wanda ke da hali, kuma mai gida ya yarda, ya shafa wa kwanon farin fenti ta waje. Fari yana mayar da hasken rana, baƙi da tsatsa suna shanye shi.

Taga tana da lokacinta. Da asuba a buɗe ƙofa da tagogi duka, iskar safe ta wanke ɗakin. Wajen ƙarfe goma a rufe wadda rana ke duka. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a saki labule ta ciki kawai. Kafin rana ta iso labulen ai ta riga ta shigo ɗaki. A rataya tabarma ko buhun algarara ta waje, musamman a tagar yamma, don ranar la'asar ce ta fi gasa bango. Bayan magariba, idan iskar waje ta fi ta ciki sanyi, a sake buɗe komai. Iska ba ta ratsa ɗaki sai tana da mashiga da mafita, saboda haka taga ɗaya ba ta isa in ƙofa na rufe. In akwai fanka, a kafa ta a bakin taga tana kallon waje na rabin awa, ta fitar da zafin da ya taru, sannan a juyo da ita.

Girki da guga a yi su a waje, ko da sassafe. Tsohon kwan fitila mai zafi a sauya shi da irin wanda ba ya zafi.

Game da fanka akwai abin da ya kamata a sani. Ba ta sanyaya iska, kaɗa ta kawai take yi. Idan iskar ɗaki ta fi jikin mutum zafi, fanka a kan busasshiyar fata kamar hura wuta ce, ta fi cutar da tsofaffi waɗanda guminsu ya ragu. A fara jiƙa jiki tukuna, a shafa ruwa a fuska, wuya, hannuwa da ƙafafu, ko a sa riga mai ɗan danshi, sannan a zauna a gabanta. In babu wuta, mafici ko faifai yana yin wannan aikin.

Da dare, katifar soso tana riƙe zafi, balle wadda ba a cire mata leda ba. Tabarma a ƙasa ta fi. A yi wanka kafin a kwanta, kada a goge jiki sosai. A jiƙa zani mara nauyi, a matse shi har ya daina ɗiga, a rufa da shi. Wanda zai kwana a tsakar gida ya ɗaura gidan sauro, kada a guje wa zafi a faɗa wa zazzaɓin cizon sauro. Janareta kuwa kada ta kwana a ɗaki, ko a lungu, ko a ƙarƙashin tagar da aka buɗe. Hayaƙinta yana ɗauke da iskar guba wadda ba ta da wari ko launi, tana kashe mutane a cikin barci.

Ruwan sha

Kada a jira ƙishirwa. Ma'aunin da ba ya buƙatar kuɗi shi ne fitsari. In yana fita da yawa, launinsa fari-fari, ruwan jiki ya isa. In ya ƙaranta ya koma kalar shayi, jiki na neman ruwa. Ruwan leda ɗaya rabin lita ne. Babban mutum da ke zaune a inuwa yana buƙatar kamar leda biyar zuwa shida a yini. Lebura, birkila, mai tura kurar ruwa da direban Keke Napep, su sha kamar leda ɗaya duk rabin awa muddin suna aiki a rana, kaɗan-kaɗan. Kwankwaɗar lita biyu a zama ɗaya ba ya rama abin da aka rasa, yana ma iya jawo illa. Aiki mai nauyi a yi shi daga asuba zuwa goma sha ɗaya, a koma bayan la'asar. In mai aiki bai yarda da hakan ba, a nemi hutun minti goma sha biyar a inuwa duk awa, a sa malafa da riga mai faɗi ta auduga.

Gumi yana fita da gishiri. Mai cin abinci yadda ya saba yana mayar da shi. Amma wanda ya yini yana zuba gumi har tsokar ƙafa ko ta ciki ta fara ɗaurewa, ya sha ruwan gishiri da suga. Ƙunshin da ake sayarwa a kemis ana zuba shi ne a yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa, galibi lita ɗaya. In babu, ga na gida: ruwa mai tsabta lita ɗaya, wato leda biyu, suga ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A shafe, ba a tsiri ba. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye. Gishiri in ya yi yawa yana cutar da yaro, suga in ya yi yawa yana ƙara gudawa. Abin da ya kwana ya yini a zubar, a haɗa sabo.

Kankana, gurji, lemo, zoɓo mara suga da yawa, duk suna taimakawa. Giya tana ƙara ƙarar da ruwan jiki. A kula da ƙanƙarar da ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba, da kunun aya ko fura da suka yini a rana, domin gudawa a cikin zafi tana kayar da mutum da wuri.

A 2024 da 2025 azumin Ramadan ya faɗo a watan Maris, tsakiyar zafi. Duk mai azumi a bazara ya rarraba ruwansa daga buɗa-baki zuwa sahur, kofi ɗaya ko biyu duk awa, ya rage soye-soye da gishiri a sahur. Wanda jiri ya kayar, ko ya fara ruɗewa, marar lafiya ne, a ba shi ruwa. Mai hawan jini da ke shan maganin da ke sa yawan fitsari, da mai ciwon suga, ƙoda ko zuciya, su tambayi likita yawan ruwan da ya dace da su tun kafin zafi ya kama, kada kuma su daina magani da kansu.

Jaririn da bai kai wata shida ba, nono kawai. Ba a ba shi ruwa ko da zafi ya kai ina, a dai ƙara yawan shayarwa, uwa ta ƙara shan ruwa. A rage masa kaya, a sauke shi daga goyo lokaci-lokaci, don bayan uwa ma zafi ne. Kada a bar yaro a cikin mota a rufe, ko na minti biyar. Tsoho kuma ba ya jin ƙishirwa da wuri. A ajiye masa kofi kusa, a leƙa shi safe da yamma, a ce, "Baba, ga ruwa, a daure a sha," a tsaya har ya sha.

Tukunya cikin tukunya

Wannan dabara ta sanyaya kayan miya ba tare da wuta ba, wani malami ne, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa ta a ƙauyukan Jigawa a shekarun 1990. A samu tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama, da tazarar yatsu biyu ko uku tsakaninsu. A zuba yashi a gindin babbar har bakunansu su daidaita, a cika tsakanin da yashi, a zuba ruwa har ya jiƙe sharkaf. Tumatir, attarugu ko alayyafo su shiga ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. A ƙara wa yashin ruwa safe da yamma. In ba ta yi sanyi ba, a duba abu uku: ko an sa ta a lungu marar iska, ko yashin ya bushe, ko an shafe babbar tukunyar da fenti ko siminti har ruwa ba ya tsattsafowa. Ta fi aiki a busasshen zafi. Ba a ajiye ɗanyen nama ko kifi a ciki.

In zafi ya kayar da mutum

Mataki na farko shi ne galabaita: gumi sharkaf, jiri, ciwon kai, tashin zuciya, kasala, amma mutum yana cikin hayyacinsa. A kai shi inuwa, a kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa a kan jarka ko buhu, a sassauta masa kaya, a shafa masa ruwa ana fifita, a ba shi ruwan gishiri da suga yana kurɓa. In bayan rabin awa bai dawo daidai ba, ko yana ta amai, sai asibiti.

Mataki na biyu shi ne mai kisa. Zafin jiki ya haura digiri 40, mutum ya fara sambatu, ya kasa gane mutane, yana tangaɗi, ko ya suma, ko ya yi jijjiga. Fatarsa zau, wataƙila a bushe, wataƙila da gumi, don haka kada a tsaya duba gumi. Alamar da za a kama ita ce ruɗewa. Wani ya ruga neman mota ko ya kira lambar gaggawa ta 112, sauran su fara sanyaya shi a take. A cire masa kaya masu nauyi, a riƙa kwara masa ruwan sanyi daga wuya zuwa ƙafa, mutum biyu suna fifita da ƙarfi. In akwai ƙanƙara, a naɗe a tsumma a sa a wuya, hammata da matsematsi. A ci gaba da haka har a cikin mota. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki, zai shaƙe, a kwantar da shi ta gefe. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin, domin ba zazzaɓi ba ne. Kada jama'a su yi masa rumfa su tare iska.

Bazara kuma lokacin sanƙarau ne, ya fi yaɗuwa inda mutane da yawa ke kwana a ɗaki marar iska. Zazzaɓi mai zafi, matsanancin ciwon kai da wuyan da ya ƙi lanƙwasuwa, kada a ce zafin rana ne a zauna. A tafi asibiti a ranar.

Aikin aji

Kowa ya zo darasi na gaba da ƙaramin cokali na gidansa. Malami zai kawo suga, gishiri da ruwan leda biyu. Ɗalibi ɗaya ya auna, ɗaya ya shafe cokalin da bayan wuƙa, kowa ya ɗanɗana. Daga nan kowa ya rubuta a takarda da manyan baƙaƙe: RUWA LITA 1, SUGA COKALI 6, GISHIRI RABIN COKALI, ya kai gida ya manna a bango kusa da randa.