Yadda ake gane sulallan tagulla na sarakunan Yahudiya da adana su

Kada ka fara da wanki, fara da awo. Sulen da ake kira furuta ƙarami ne, faɗinsa milimita 12 zuwa 17, nauyinsa giram 1 zuwa 3. Sarakunan Yahudiya na gidan Hasmoniyawa da na gidan Hirudus kusan tagulla kawai suka buga don cefanen yau da kullum, azurfa kuwa daga waje take shigowa, musamman daga birnin Taya. Duk wanda ya nuna maka azurfa da sunan Hirudus, jabu ce.

Sai ka duba gefe da gilashi mai ƙara girma sau 10. Narka tagullar ake yi a zuba cikin jerin ramuka da aka fafe a farin dutse, a buga hatimi, sannan a datse kowane sule daga jerin. Shi ya sa za ka ga ɗan tsini a gefe ɗaya ko biyu, baki a karkace, zanen ma sau da yawa ya zame daga tsakiya. Sababbin shiga sukan ɗauki wannan aibu ne, alhali shaidar asali ce. Abin gudu shi ne siririn layi da ya zagaye baki gaba ɗaya, da ƙananan ramukan kumfa a fuska: an zuba sulen ne dungurungum, ba a buga shi ba.

Zane ne ke nuna mai shi. Angar jirgin ruwa da rubutun Girkanci a fuska ɗaya, tauraro mai tsinkaye 8 a ɗayar, na Alizanda Yannayus ne, wanda ya yi mulki daga 103 zuwa 76 kafin Miladiyya. Laima da zangarniyar sha'ir uku na Agaribas na Farko ne, shekararsa ta 6 ta sarauta, wato 41 zuwa 42 Miladiyya. Hasmoniyawa ba su sa fuskar mutum, saboda hanin addininsu.

Wanki kuwa, jiƙa sulen a tataccen ruwa, kana canzawa duk bayan kwana biyu, ka ɗaga ƙasar da tsinken itace da buroshi mai laushi. Ban da lemon tsami, ban da goga ƙarfe. Koriyar fatar nan mai santsi da ke saman sulen ita ke kare tagullar, kuma sau da yawa a jikinta rubutun ya rage.

Garin tsatsa mai hasken kore da ke fita da ƙarce shi ne cutar tagulla: gishirin kuloraid ne ke haɗuwa da danshi yana cin ƙarfen. Ware sulen, ƙanƙare garin, jiƙa shi makonni a ruwan sodiyam seskwikabonet kashi 5 cikin 100, ka busar sosai. Ajiye shi a ambulan na takarda marar asid tare da silika mai tsotse danshi, danshi ƙasa da kashi 40, nesa da robar PVC.