Yadda nake saka NFC cikin abin wuyan azurfa

Wata Hajiya daga unguwar Aboabo a Kumasi ce ta jefa ni cikin wannan aiki. Mahaifiyarta ta manyanta, mantuwa ta kama ta, har sau 2 tana ɓacewa a kasuwar Kejetia. Ta zo rumfata ta ce, "Malam, ka ƙera wa Iya abin wuya mai kyau da ba za ta so cirewa ba, amma duk wanda ya tsince ta ya san inda zai kai ta."

Abin da ake sakawa, wato NFC, ɗan faifai ne da waya ke karanta bayanin da ke cikinsa, siriri kamar takarda, zaren ƙarfe a naɗe da ɗan cif da bai kai ƙwayar gero ba. Ba ya cin batir. Wayar da aka kara masa ita ke ba shi wuta, kuma sai ta matso kamar santimita 4 ko ƙasa da haka. Cif samfurin NTAG213 yana ɗaukar bayit 144 (kusan harafi 144), ya ishi lambar waya. Ni NTAG216 nake saya, mai bayit 888, don suna da lamba da adireshin GhanaPost GPS (lambar adireshin gida ta Ghana) su shiga gaba ɗaya.

Na farko da na yi, rufe shi na yi ruf cikin azurfa kamar laya. Ya yi kyau ƙwarai. Na kara waya, shiru. Kwana 3 na aiki suka tafi a banza, domin ƙarfe yana shanye siginar. Saboda haka ka fara auna faifan, sannan ka zana adon a kewayensa. Bayan abin wuyan zai iya zama azurfa, muddin ka sayi faifai mai shimfiɗar ferrite (abin da ke kare sigina daga ƙarfe) a bayansa, wanda aka yi don mannawa a kan ƙarfe. Gaba kuwa dole ka bar taga. Ka rufe ta da abin da ba ƙarfe ba: ƙaho, jar fata ta dukawa, ko gilashin duwatsun ado na Krobo da aka goge ya yi faɗi. Ni gilashin na fi so, launinsa yana tashi a kan farar azurfa. Bakin da ya zagaye tagar ma kada ka bar shi ya haɗe, ka tsaga shi kaɗan da zarto a wuri guda, in ba haka ba nisan karatun zai ragu sosai.

Duk wata walda da gogewa ka gama su tukuna, ƙarfen ya huce sarai, don zafi yana kashe cif ɗin. Ka ɗora faifan haka nan ba gam, ka gwada. A iPhone saman wayar ake karawa, a yawancin Android tsakiyar baya. In ya amsa, sai ka zuba gam ɗin epoxy siriri ya cike har tsagar nan, ka bar shi awa 24. Kada ka yi ganda a nan. Iya za ta yi alwala sau 5 a rana da shi a wuyanta, ga zufar Kumasi.

Rubutun da manhajar NFC Tools nake yi. Kulle rubutun don kada a canza shi ba ya warwaruwa, don haka sai mai kaya ya duba lambar da idonsa kafin in kulle. Lambar sirrin MoMo (asusun kuɗi na waya) kuwa ko an roƙe ka kada ka saka, kowa na iya karantawa.

Na faɗa wa Hajiya gaskiya cewa wannan ba ya nuna inda mutum yake, sai an same shi an kara waya. Kuma da yawa cikin masu talla a Kejetia ƙaramar waya mai maɓalli suke riƙewa, wadda ba ta karanta NFC. Shi ya sa na sassaƙa lambar Hajiya a bayan azurfar da manyan lambobi, yadda mai raunin ido ma zai gani.