Yadda Ake Raba Kamantawa da Siffantawa a Rubutu

Ɗalibin da zai zauna jarrabawar Hausa ta WAEC ko NECO, ko a Ringim yake ko a Ɗambatta, da wuya ya tsallake tambaya kan adon harshe. Inda aka fi tuntuɓe kuwa shi ne wajen raba kamantawa da siffantawa.

Ka fara neman abu uku a jimlar: abin da ake magana a kansa, abin da aka jingina shi da shi, da halin da ya haɗa su. A "Hannun Ladi laushi kamar auduga", hannu ne na farko, auduga ta biyu, laushi shi ne mahaɗi. Da zarar ka ga kamar, tamkar, awa ko sai ka ce a tsakani, kamantawa ce, kuma wannan kamancen daidaito ne. Na fifiko da "fi" ko "wuce" yake zuwa: "Maganarsa ta fi maɗaci ɗaci". Na kasawa kuma da "bai kai ba" ko "gaza".

Siffantawa ba ta da wannan gada. "Malam Audu rumbu ne." An ce shi ne, kai tsaye, an kuma ɓoye mahaɗin, sai mai karatu ya tono. Nan aikin yake. A bakin maroƙi, rumbu mai ciyar da dangi ne. A zambo, mai ci ba ya ƙoshi. Saboda haka kada ka yanke ma'ana sai ka karanta layin da ke gaba da na baya.

Ba kowace "kamar" ce ado ba. "Kamar za a yi ruwa" zato ne kawai. "Gero ya fi dawa tsada a kasuwar Gujungu" bayanin farashi ne, don duka biyun hatsi ne. Ado sai an ƙetara jinsi.

Wannan ƙetarawa ita ta haifi jinsintarwa: "damina ta yi fushi" mutuntarwa ce, a kira jarumi zaki dabbantarwa, a mai da mutum rumbu abuntarwa. Ka ga jimla ɗaya tana iya amsa suna biyu, don haka ka duba abin da tambayar ta nema.

In kai ne mai rubutun, ɗauko abin da mai karatunka ya taɓa gani. Mutumin Taura bai san dusar ƙanƙara ba, amma ya san farin nono. Kuma in ka kira mutum rumbu a layin farko, kada ka sa shi ruri a na biyu.