Kurakuran da masu fara jin alt-kantiri na shekarun 1990 ke ta maimaitawa

Sau uku ke nan cikin wata biyu wani yana zuwa min da magana iri ɗaya, wai ya gwada jin kiɗan nan da nake ta zuzutawa, alt-kantiri na Amurka na shekarun 1990, wato kiɗan kantiri da aka gauraya da rock, kuma shi bai ji komai a ciki ba. Na ƙarshen ƙanin matata ne. Na ce masa to ƙanina me ka kunna? Sai ya ce ai ya rubuta kiɗan kantiri ne a YouTube ya danna abin da ya fara fitowa. Haba don Allah. Na gaji da yi wa mutum ɗai-ɗai bayani, bari in zube shi a nan gaba ɗaya, wanda zai ɗauka ya ɗauka.

Abu na farko da ke kayar da mutanenmu shi ne suna shigowa da kunnen Don Williams. Mu nan mun taso gidajen rediyo suna sa mana shi da Jim Reeves da Kenny Rogers da Dolly Parton, murya mai sanyi, kiɗa a kwance, iyayenmu ma suna so. Ni ma ina so har gobe. Amma idan da wannan tsammanin ka kunna faifan ƙungiyar Uncle Tupelo na farko, No Depression na 1990, ƙarar jita za ta kore ka tun waƙar farko, domin yaran nan uku, Jay Farrar da Jeff Tweedy da mai gangarsu Mike Heidorn, da kiɗan punk, wani nau'in rock mai ƙara da sauri, suka taso a Belleville, wani ƙaramin gari a jihar Illinois kusa da St. Louis, daga baya suka waiwayi tsofaffin waƙoƙin kakanninsu suka haɗa biyun a tukunya ɗaya. Wasu kuma ta ɗaya ɓangaren suke faɗawa, su ɗauka duk kantirin shekarun 1990 abu ɗaya ne, su kawo maka Garth Brooks da Shania Twain. Waɗancan su ne manyan kasuwar Nashville, cibiyar kiɗan kantiri, masu sayar da faifai miliyoyi, kuma abin da muke magana a kai ya fito ne daga waɗanda ba su da wuri a wannan kasuwar, masu yawo a tsohuwar bas suna wasa a ƙananan ɗakuna. Abin da nake sa kowa ya yi: fara da Anodyne na 1993, faifan Uncle Tupelo na ƙarshe, wanda suka ɗauka a Austin ta jihar Texas duk suna kaɗawa tare a lokaci ɗaya. Akwai goge a ciki, akwai banjo, akwai ƙara daidai gwargwado. In ya zauna maka sai ka koma baya ka ji na 1992, wanda sunansa ma kwanakin da aka ɗauke shi ne, 16 zuwa 20 ga Maris, kwana biyar, Peter Buck na ƙungiyar rock ta R.E.M. ya jagoranci aikin. A lokacin kowa na bin ƙarar ƙungiyar rock ta Nirvana, su kuma suka ajiye jitar lantarki suka rera waƙoƙin masu haƙar kwal. Na 1990 ɗin shi ne na uku da za ka ji, ba da shi za ka fara ba.

Yanzu ga wanda ya fi ci min rai, kuma shi ne dalilin da ya sa na zauna rubutun nan. Ɗaukar ɓangare. Uncle Tupelo sun watse a 1994, wasansu na ƙarshe ranar 1 ga Mayu ne a St. Louis, Farrar ya tafi ya kafa Son Volt, Tweedy ya riƙe sauran 'yan ƙungiyar suka zama Wilco, kuma duk su biyun suka fitar da faifai a 1995, Wilco da A.M., Son Volt da Trace. Tun daga nan masoya suka rabu gida biyu kamar 'yan ƙwallo, kuma har yau duk sabon shiga sai ya karanto wannan labarin ya zaɓi gwani kafin ma ya ji waƙa goma. Ni haka na yi. Wani abokina da muka taso unguwa ɗaya a Kaduna, yayansa ya yi karatu a Amurka ya dawo da jaka cike da faifan sidi, daga nan muka san kiɗan nan. Ni Being There na Wilco na fara ɗauka, na 1996, mai faifai biyu, ya shiga raina sosai, sai na je kafe na karanta surutun mutane cewa wai Farrar mutum ne mai taurin kai, murya ɗaya, kiɗa ɗaya, ba ya canzawa, Tweedy ne mai basira. Shi ke nan na haɗiye. Abokin nan nawa ya yi ta bina da Trace, ya kawo min har gida, ya ce wallahi ka ji sau ɗaya kawai, na ce masa ba na buƙata, na san abin da ke ciki. Ban san komai ba. Faifan ya yi shekaru a cikin durowata ban ko buɗe murfin ba.

Sai bayan rasuwarsa, Allah Ya jiƙansa, ina kwashe kaya za mu tashi daga gidan haya na ci karo da shi, na sa a mota a hanyar Zariya da daddare. Tun waƙar farko, Windfall, na rage gudu, kafin a kai Tear Stained Eye na gangara gefen titi na kashe mota na bar rediyon a kunne. Muryar da aka ce min ba ta motsi, ashe irin muryar mutumin da ya gaji ne amma bai karaya ba, irin ta mahaifinmu lokacin da masaƙun Kakuri suka rufe, yana zaune a kan tabarma da yamma yana lissafin kuɗin makarantarmu a bayan ambulan ba tare da ya ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Farrar ya rubuta yawancin waƙoƙin ne yana tuƙi a gefen kogin Mississippi tsakanin New Orleans da Minneapolis, kuma ana jin hanyar a ciki, ana jin garuruwan da ambaliyar 1993 ta taɓa. Mutum ɗaya ne a duniya da nake so in kira a daren in ce masa kai ne da gaskiya, kuma babu shi. Shekarun da za mu yi muna jin faifan nan tare muna musu a kai, na zubar da su saboda maganar wasu mutane da ban taɓa gani ba.

Don haka in na ji yaro yana cewa ni ɗan Wilco ne ko ni ɗan Son Volt ne raina ɓaci yake. Kai wa ya sa ka a rigimarsu? Kana Belleville lokacin da suka saɓa? Ko cikin bas ɗin kake? Mutum biyu ne da suka san juna tun suna makarantar sakandare, zama ya ƙi, kowa ya kama gabansa, kuma kai ribarka ce, maimakon ƙungiya ɗaya ka samu biyu. Dokata a kan kaina yanzu, kuma ita nake ɗora wa duk wanda ya zo wurina: ba ka karanta tarihin rigimar kowace ƙungiya sai ka ji faifansu sau biyar daga farko har ƙarshe. Sau biyar, ba tsallake. Bayan nan ka je ka karanta duk gulmar da kake so. Kuma in wani ya dage yana miƙo maka faifai, karɓi ka ji a daren nan, kada ka ce sai gobe.

Wani kuskuren kuma da ya ci min dukiya, wannan kam na kuɗi ne da sakaci. Faifan da yayan abokin nan ya bar mana, har da Hollywood Town Hall na Jayhawks, 1992, da Faithless Street na Whiskeytown, 1995, na bar su a kan dashbod wata rana a watan Afrilu na shiga ɗaurin aure da walima tun hantsi har la'asar, gilasai a rufe. Da na dawo robar murfin ta lanƙwashe, faifan sun yi kamar an gasa waina, ɗaya ma ya manne da takardarsa. Uku suka tafi a ranar. Wasu biyu kuma aro ya cinye, wanda na ba ya ba wani, wancan ya tafi bautar ƙasa da su. Kuma waɗannan ba irin kayan da za ka shiga kasuwa ka tambayi mai kaset ba ne, ka ce masa Jayhawks sai ya miƙo maka Don Williams. Na yi shekaru ban sake jin muryar Mark Olson da Gary Louris na Jayhawks a haɗe ba, wannan haɗin murya biyu da in suna rerawa ba ka iya raba ta wane ce a sama. Yanzu za a ce ai komai na intanet, me za a yi da faifai. To ni dai na sha neman waƙa in tarar an rubuta babu ita a ƙasarku, ko data ta ƙare a tsakiyar hanya. Duk abin da na mallaka ina kwafe shi a kwamfuta, in sake kwafewa a wani hard disk daban da ke zaune a gidan ƙanwata. Sidi ba ya kwana a mota. Aro kuwa na daina, in kana so ka zo gida mu ji tare, akwai shayi.

Sai masu jin kiɗan nan ta sifikar waya. Wallahi wannan zalunci ne ga kanka. Rabin daɗin yana cikin jitar nan da ke kwance kamar tebur ana murza mata ƙarfe ana taka fedoji, mai kuka kamar mutum, irin wadda King Sunny Ade ya shigar cikin juju, wanda ya san kiɗansa ya san sautin da nake nufi. A sifikar waya sai ta koma kukan sauro, ganga da bes kuma su ɓace. Ko iyafis mai arha ya fi, mota ta fi duka. Haka ma masu danna maɓallin gauraya waƙoƙi su haɗa ƙungiya ashirin a jeri ɗaya. Mutanen nan faifai suke ginawa, sun san dalilin da ya sa wannan ta biyo bayan waccan. Ji Too Far to Care na Old 97's, 'yan Dallas, 1997, yadda yake tashi da gudu tun daƙiƙar farko, ka gauraya shi ka kashe wannan tashin.

Ƙanana kuma, da sauri. No Depression ba maganar ciwon damuwa ba ce, tsohuwar waƙar ƙungiyar kantiri ta Carter Family ce ta 1936, lokacin karayar tattalin arzikin Amurka, daga ita faifan ya samu suna, daga nan kuma mujallar da Grant Alden da Peter Blackstock suka fara a 1995. Ryan Adams na Whiskeytown daban, Bryan Adams ɗan Kanada da kuka sani a rediyo daban, ku daina haɗa su. Kada ka fara Wilco da Yankee Hotel Foxtrot, faifai ne mai kyau amma na 2002 ne, sun riga sun bar wannan layin. Musu a kan suna, wai Americana ne ko alt-kantiri ko abin da kamfanin Bloodshot na Chicago ke kira kantirin 'yan tawaye, ɓata lokaci ne. Kada ka tsallake Bottle Rockets don ba a cika ambatonsu ba, Brian Henneman nasu shi ya kaɗa jita a A.M. ɗin Wilco.

Wani kuma da na daɗe ban lura ina yi ba sai da matata ta nuna min, ta ce wai duk kiɗan naka ba mace ko ɗaya? Akwai mana, ni ne ban nema ba. Car Wheels on a Gravel Road na Lucinda Williams, 1998, shekara shida tsakaninsa da faifanta na baya saboda ta ƙi sakin sa sai ya yi yadda take so, kuma ya ci kyautar Grammy. Tana kiran sunayen garuruwan Louisiana da Mississippi ɗaya bayan ɗaya yadda mutum zai lissafa Funtuwa, Malumfashi, Kankara in kewar gida ta taso masa. A wurina in za a ɗauki faifai uku kacal daga shekarun nan goma, yana ciki tare da Trace da Anodyne, ban damu da jerin kowa ba. Ga Revival na Gillian Welch, 1996, ita da David Rawlings, kamar an tono shi daga shekarun 1930. Ga gogen Caitlin Cary a Whiskeytown, cire shi ka ji yadda waƙoƙin za su rame.

Ƙanin matar tawa ya yi min wata tambaya da ta dace, ya ce yaya, na duba kalmomin wasu waƙoƙin na ga giya ta yi yawa a ciki. Gaskiya ne, akwai ta, kuma ba zan ce maka ka kunna a gaban Baba ba. Amma ka saurara da kyau kafin ka yanke hukunci, yawancinsu ba yabonta suke ba, labarin mutumin da ta cinye suke bayarwa, wanda aiki ya ƙare masa, gari ya mutu a kansa, ya rasa inda zai sa kansa. Mawaƙi Steve Earle da bakinsa ya sha faɗin yadda ƙwaya ta kai shi gidan yari kafin ya dawo da Train a Comin' a 1995 da I Feel Alright a 1996. Kuma kada ka yi saurin buɗe kalmomin a waya kana bi da ido tun jin farko, Turancinsu na Kudu da Tsakiyar Amurka yana da nauyi a kunne, na sani, amma bari sautin ya fara shiga tukunna, a ji na uku ko na huɗu sai ka duba. Na ba shi Anodyne a filasha ranar Juma'ar da ta wuce, na ce kada ya kira ni sai ya cika biyar ɗin nan. Jiya ya turo min saƙo cewa yana na uku, kuma yana tambayar wane ne dattijon da ya shigo da murya a Give Back the Key to My Heart. Doug Sahm ne, ɗan Texas, shi ya rubuta waƙar ma. Na ce masa saura biyu.