Yadda nake miƙe hannun Baba kada ya ƙandare

Da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, wata biyu tausayi ya hana mu taɓa hannunsa. Ashe cutar da shi muke yi. Gaɓar da ta daɗe a lanƙwashe, tsoka da jijiyoyinta sukan gajarce har ta ƙi miƙewa. Haka yake faruwa ga wanda ya ƙone ko ya daɗe da filasta.

Ga abin da likitar fisiyo, wato mai kula da motsa gaɓoɓi, ta koya mini. Bayan wanka, jiki da ɗumi, sai in tallafi gwiwar hannun da hannuna ɗaya, in riƙe wuyan hannun da ɗayan. In miƙe a hankali, in riƙe kamar daƙiƙa 30, sannan in saki. Yatsu ɗaya bayan ɗaya, har babban. Safe da yamma, kullum.

Kada ka fizga. Jin ja ba laifi ba ne, amma in ya ce "wash!", ka dakata. Kafaɗa kuwa, kada a kama ta a ɗaga Baba ko kaɗan.

Muna juya Baba a kwance duk awa biyu, mu sa matashi ƙarƙashin hannun. Gaɓa ta kumbura ko ta yi zafi? A koma asibiti.